Mece Ce Manhajar Nazarin Kafafen Sada Zumunta?

Manhajar nazarin kafafen sada zumunta ita ce wadda ke tattara abin da jama'a ke wallafawa a fili a dandamali irin su Facebook da Instagram, ta jera shi bisa lokaci da maudu'i da yawan waɗanda suka yaɗa shi, domin mai bincike ya gano inda labari ya samo asali da hanyar da ya bi ya bazu. Tana samun bayanan ne ta API, wato ƙofar da kamfani ke buɗe wa wasu manhajoji su ɗebi bayanai daga rumbunsa bisa sharuɗɗan da ya gindaya.

CrowdTangle, ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji, wadda Facebook ya saya a 2016, ta daɗe tana taimaka wa 'yan jarida wajen bin sawun labaran ƙarya, musamman lokacin zaɓe, har kamfanin, wanda yanzu ake kira Meta, ya rufe ta a watan Agustan 2024, ya maye gurbinta da Meta Content Library, wadda sai an nemi izini kafin a shiga, kuma masu bincike na jami'o'i da ƙungiyoyin da ba na neman riba ba aka fi buɗe wa. Wannan taƙaita damar shiga babbar asara ce ga ƙananan gidajen jarida.

Masu tantance labarai da Hausa suna da ƙarin matsala, domin wani ya rubuta "ƙarya" da lanƙwasa, wani kuma "karya", sai binciken kalma ɗaya ya tsallake ɗayar, sannan saƙonnin murya da ke yawo a WhatsApp ba sa shiga waɗannan manhajoji sam.