Hoi An: Garin da yashi ya kashe wa kasuwa, ya tsare masa tarihi

Manyan jiragen ruwa na 'yan yawon buɗe ido ba sa iya shiga garin Hoi An da ke tsakiyar Vietnam. Da yawa daga cikinsu a tashar Da Nang suke tsayawa, mai nisan kusan kilomita 30, sannan motoci su kwashi baƙi. Idan aka cire lokacin zuwa da dawowa, sa'o'i kaɗan ne ke saura, kuma jirgi ba ya jiran wanda ya makara.

Daga ƙarni na 15 zuwa na 19, garin da ke bakin kogin Thu Bon babbar matattara ce ta fatake daga Chaina, Japan da Turai. Da yashi ya toshe bakin kogin, sai ciniki ya koma Da Nang. Wannan koma-bayan ne ya bar tsofaffin gidajen katako yadda suke, har UNESCO ta sanya garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1999.

Mai ƙarancin lokaci zai fi cin riba idan ya fara da Chua Cau, gadar Japanawa mai rufi wadda hotonta ke jikin takardar kuɗi ta dong 20,000. Daga nan sai gidan Tan Ky, inda alamomi a bango ke nuna iyakar da ambaliya ta kai a shekaru daban-daban.

Baƙo Musulmi kuma ya tambaya kafin ya ci: cao lau, taliyar da garin ya yi suna da ita, da naman alade ake haɗa ta.