Robert Edwards da Buɗe Ƙofar Maganin Rashin Haihuwa

Robert Edwards, masanin aikin sassan jiki ɗan ƙasar Ingila wanda aka haifa a 1925, ya shafe fiye da shekara ashirin yana bin tambaya guda, wato ko zai yiwu a haɗa ƙwan haihuwar mace da maniyyin mijinta a wajen jiki, sannan a mayar da abin da ya ƙullu cikin mahaifa ya girma. Wannan hanya ita ce ake kira IVF, ko kuma "jaririn kwalba" a bakin jama'a, duk da cewa kwana biyu zuwa biyar kacal ƙwan yake yi a ɗakin gwaje-gwaje.

Babbar gudummawarsa ta fito ne daga haƙurin lura, domin masu bincike kafinsa sun ɗauka ƙwan ɗan Adam yana nuna cikin sa'o'i kaɗan kamar na zomo, shi kuwa ya gano a 1965 cewa yana buƙatar kimanin sa'a 37 kafin ya shirya karɓar maniyyi, kuma sanin wannan lokaci ne ya ba shi damar haɗa su a 1969. Bai yi aikin shi kaɗai ba, domin likitan mata Patrick Steptoe ne ke ciro ƙwan ta hanyar zura siririn bututu mai madubi ta ƙaramin yanka a ciki, yayin da Jean Purdy, ma'aikaciyar jinya da ba a cika ambatonta ba, take kula da ƙwayayen dare da rana. Hukumar binciken likitanci ta Birtaniya ta hana su tallafi a 1971, amma suka ci gaba har aka haifi Louise Brown, jaririya ta farko da aka samu ta wannan hanya, a garin Oldham ranar 25 ga Yuli, 1978, bayan mahaifiyarta ta shekara tara ba ta samu ciki ba saboda toshewar bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa.

Tasirinsa ga ilimi ya wuce wannan haihuwa, domin ya kafa asibitin Bourn Hall a 1980 tare da abokan aikinsa, ya kuma taimaka wajen kafa mujallar Human Reproduction. A kan wannan tushe aka samar a Beljiyam, a 1992, da dabarar cusa ƙwayar maniyyi guda cikin ƙwai, wadda ta taimaki mazan da maniyyinsu ya yi rauni, abin da ya kamata ya sa masu gaggawar kiran mace juya su yi hattara. Malaman Musulunci a Masar sun halatta hanyar IVF tun 1980, da sharaɗin ƙwan da maniyyin na miji da matarsa ne kuma igiyar aure tana nan.

Lokacin da aka ba Edwards lambar yabo ta Nobel a 2010, shekara uku kafin rasuwarsa, yaran da aka haifa ta wannan hanya sun kai kimanin miliyan 4. Sai dai tsadar aikin har yanzu tana hana mafi yawan ma'aurata a Afirka kaiwa gare shi, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa mutum ɗaya cikin shida na fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa.