Drupal 7 ta yi ritaya: Me ya sa sabunta shafin ma'aikata ke zama ƙaura?

Ranar 5 ga Janairun 2025 aka daina kula da manhajar Drupal 7 a hukumance, shekara 14 cif bayan fitowarta. A kan Drupal ne hukumomin gwamnati da jami'o'i da kafafen yaɗa labarai da dama suka gina shafukansu na intanet, inda ma'aikata ke rubutu da gyara da adana bayanai. Wani ɗan ƙasar Beljiyam, Dries Buytaert, ne ya fito da ita a 2001.

Daina kulawar na nufin idan aka gano wata kafa da masu kutse za su bi, masu tsaron Drupal ba za su sake fitar da gyaran da zai toshe ta ba. Waɗanda suka ga abin da ya faru a Oktoban 2014 sun san hatsarin: sa'o'i kaɗan bayan sanar da wata ɓaraka, aka fara kai wa shafuka hari, har masu manhajar suka ce duk wanda bai yi gyara cikin sa'o'i bakwai ba, ya ɗauka an riga an shige shi.

Duk da haka sai da aka ɗage wa'adin sau uku. Da farko an sa Nuwamban 2021, annobar korona ta sa aka ƙara shekara guda, aka sake turawa zuwa 2023, sannan 2025. Masu shafuka da yawa sun ƙi motsi, kuma ba lalaci kaɗai ba ne.

Drupal 8 da ta fito a 2015 sabon gini ce tun daga tushe. Saboda haka barin ta bakwai ba danna maɓalli ba ne. Sai an gina sabon shafi an kwashe kaya zuwa cikinsa. A nan ne ake gano tarkacen da aka tara: ƙananan manhajojin da aka liƙa don fom ɗin neman aiki ko ma'ajiyar hotuna, wasu ba su da magaji a sabon tsarin, wasu kuma ɗan kwangilar da ya rubuta su ya daɗe da tafiya bai bar bayani ba. Shi ya sa masu aikin ke farawa da ƙirga abin da ke cikin shafin, su ware abin zubarwa, kafin a yi maganar kuɗi.

Ana yin ƙaurar ne a kwafin gwaji, sau da yawa, ba a shafin da jama'a ke shiga ba. Kwafin ajiya ma sai an gwada dawo da shi kafin a yarda da shi. Idan adireshin tsofaffin shafuka ya canza ba a haɗa shi da sabon ba, duk wanda ya biyo ta Google ko WhatsApp zai tarar da ƙofa a rufe. Izinin ma'aikata kuma kan rikice, takardar sirri ta buɗe ga kowa.

Shafukan Hausa na da ƙarin ciwon kai. Idan tsarin haruffan tsohon rumbun bayanai ya saɓa da na sabon, ɓ da ɗ da ƙ sukan koma alamomi marasa ma'ana, kuma injin ba zai yi ƙorafi ba. Sai mai jin harshen ya zauna ya karanta.

Ga ƙananan ƙungiyoyin da ba su da ƙarfin sabon gini, akwai Backdrop, manhajar da aka tsago daga Drupal 7, wadda komawa cikinta ya fi sauƙi. Akwai kuma kamfanonin da ke sayar da ƙarin kariya ga waɗanda suka makara, sai dai kuɗin na sayen lokaci ne kawai kafin a tattara kaya.