Ƙungiyar Green Belt Movement

Green Belt Movement ƙungiya ce ta kare muhalli a ƙasar Kenya, wadda akasarin mambobinta matan karkara ne. Farfesa Wangari Maathai ce ta kafa ta a shekarar 1977, ƙarƙashin Majalisar Mata ta Ƙasar Kenya. Ƙungiyar ta dasa bishiyoyi fiye da miliyan 51.

Asali

A shekarun 1970, matan karkara a Kenya sun koka da ƙafewar rafuka, ƙarancin abinci da kuma doguwar tafiyar neman itacen girki. Maathai ta danganta waɗannan matsaloli da sare dazuzzuka, domin idan babu bishiyoyi, ruwan sama yana wanke ƙasar noma, maɓuɓɓugai kuma su bushe. An fara dashen ne da bishiyoyi bakwai a birnin Nairobi ranar 5 ga Yuni, 1977, wato Ranar Muhalli ta Duniya.

Yadda take aiki

Mata kan haɗu rukuni-rukuni, su tattara irin itatuwan gida, su rene su, sannan su dasa a gonaki da makarantu. Ana biyan su ɗan kuɗi kan kowace bishiyar da ta rayu, abin da ke ba su kuɗin shiga nasu na kansu.

Gwagwarmaya

A 1989 ƙungiyar ta yi adawa da shirin gwamnatin Daniel arap Moi na gina bene mai hawa 60 a filin shaƙatawa na Uhuru. Daga baya an soke aikin. A watan Janairun 1999 an ji wa Maathai rauni yayin zanga-zangar hana rabon filayen dajin Karura. Ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004, ita ce mace ta farko daga Afirka da ta samu wannan kyauta. Ta rasu a 2011.

Mahangar masu kare haƙƙin mata

Masu nazarin dangantakar mata da muhalli sukan kafa misali da ƙungiyar wajen nuna cewa danne mata da lalata muhalli tushensu ɗaya ne. Sai dai masaniyar tattalin arziki 'yar Indiya, Bina Agarwal, ta yi bayanin cewa kusancin mata da muhalli ya samo asali ne daga rabon aiki da mallakar dukiya. Mata ne ke ɗebo ruwa da itace, amma galibi ba su da ikon mallakar filayen da suke nomawa. Bisa wannan ra'ayi, kare muhalli yana buƙatar a bai wa mata haƙƙin mallakar ƙasa da damar yanke shawara.