Biro ko Alƙalami Mai Shan Tawada: Wanne Ya Fi Dacewa da Wasiƙa?

Cikin abubuwan da mutum kan riƙa don ɗebe kewa, da wuya a sami wanda ya kai rubuta wasiƙa da hannu araha. Mai kiwon tattabaru sai ya yi musu ɗaki ya sayi hatsi, mai sha'awar hoto sai ya tanadi kyamara. Mai wasiƙa kuwa takarda yake bukata, da ambulan, da abin rubutu, sai kan sarki in ta gidan waya zai aika. In ma direba zai ba wa a tasha, ya huta da sayen kan sarkin. To amma da zarar abin ya shiga ran mutum, ya je ya tsaya gaban mai sayar da kayan rubutu, sai ya tarar da zaɓi biyu: biro, wanda kowa ya sani, da alƙalami mai shan tawada, irin wanda 'yan makarantar da suke ɗurawa daga kwalba.

Mai shan tawada shi ne babba. A 1884 Lewis Waterman ya yi rajistar dabararsa a Amurka, ta wasu siraran hanyoyi a ƙarƙashin bakin alƙalami, tawada na sauka ta ciki iska na hawa, don kada ya tsiyaye kuma kada ya ƙafe. Biro ya zo daga baya. Wani ɗan jarida a ƙasar Hangari, László Bíró, ya lura tawadar buga jarida tana saurin bushewa, amma ta yi kaurin da ba za ta bi bakin alƙalami ba. Shi da ɗan'uwansa, masanin haɗa sinadarai, suka sa wa alƙalamin ɗan ƙanƙanin ƙwallon ƙarfe a baki, yana juyawa yana kwaso tawadar. A 1938 suka yi rajista. Wanda ya karya farashin abin har ya kai hannun talaka shi ne Marcel Bich na Faransa, da ya fito da Bic Cristal a 1950. Zuwa 2006 kamfanin Bic ya sayar da guda biliyan 100. Duk wani bambanci da ke tsakanin alƙaluman biyu daga nan ya samo asali: tawadar ɗaya ruwa ce, ta ɗayan kuwa mai ce mai danƙo.

A batun kuɗi, ranar saye biro ne ke da nasara, ba ko musu. Da canjin da ya rage a aljihu ake sayensa, a kowane teburin mai kayan tireda, kuma in ya ɓata ba wanda zai rasa barci. Mai shan tawada sai an neme shi. Na ƙasar Sin, irin su Hero da Jinhao, ba su da tsada sosai, amma duk da haka kuɗin ɗaya zai sayi biro masu yawa, ga kuma kuɗin kwalbar tawada a kai. Sai dai lissafin kan juya in tafiya ta yi nisa. Biro in ya ƙare ya zama shara. Wancan kuwa ɗurawa kawai ake yi, kwalba ɗaya ta yi watanni, alƙalamin kuma ya yi shekaru in ba a yar da shi a kan baki ba. Wannan sharaɗin ba ƙarami ba ne a gidan da ke da yara. Haka nan ba a cika son ba da shi aro ba, don mai aro da ya saba da biro dannawa zai yi, ya buɗe masa baki.

A hannu kuma abin ya sha bamban. Biro yana son a danna, domin ƙwallon ba ya juyawa sai ya ji nauyi. Layi biyar na gaisuwa ba za su nuna ba, amma wasiƙa mai shafi huɗu za ta bar yatsu da tsami, bayan takardar kuma ya yi kurji-kurji. Mai shan tawada taɓa takarda kawai yake yi tawada ta fito. Hannu ya huta, rubutu ya lafa, mutum ya rage gaggawa ko bai yi niyya ba. Amma yana da nasa sharuɗɗan: a riƙe shi a karkace daidai, a rufe shi in an tsaya tunani, a jira layi ya sha iska kafin a juya shafi. Biro ba ruwansa da wannan duka. A tsaye, a cikin mota, a kan cinya, rubutu yake yi.

Inda maganar ta fi nauyi ita ce takarda, kuma nan ne masu sabon shiga suka fi yin asara. Biro ba ya zaɓe. Ko falle aka yago daga littafin makaranta, ko bayan kalandar bara, zai bi ya wuce. Tawadar ruwa kuwa tana tona asirin takarda. In takardar sakwa-sakwa ce, sai tawadar ta bi zarenta ta bazu, haruffa su yi gashi, sa'an nan ta ɓullo ta baya har shafi na biyu ya ƙi rubutuwa. Saboda haka wanda ya sayi alƙalamin, ya sani ya ɗauko wa kansa neman takarda. Farar takardar hoto-kwafi da aka rubuta wa giram 80 a jikin ƙunshinta takan ɗauka, mai giram 70 kan gaza, mai 90 ko 100 ta fi, ko da yake nauyi kaɗai ba shi ne hukunci ba, santsin fuskar ma yana da nasa. Dabarar ita ce a sayi falle ɗaya a gwada kafin a ɗauki ƙunshi. Iyayenmu ba baƙin wannan ba ne. Malaman da suka rubuta wasiƙun sarakuna da littattafai a ƙarni na 19, da alƙalamin kara da tawadar da aka haɗa da ƙaro, sun san darajar takarda mai tambarin jinjirin wata uku, wadda ake yi a arewacin Italiya, fatake su ratso Sahara da ita har Kano. Har yau in aka ɗaga wasu tsofaffin rubuce-rubucen a haske ana ganin tambarin. Tawadar ruwa tun can ba ta yarda da kowace takarda.

Sai yanayin ƙasa, wanda masu ƙera alƙaluman ba da mu suka yi shawara ba. Da hunturu, mai shan tawada kan bushe a baki in an bar shi kwana biyu, sai an tsoma shi a ruwa ya farfaɗo. Da bazara kuwa biro ne ke cin amana: zafi ya narkar da tawadar, ta malalo a aljihun farar riga, tabon da ba sabulun da ke fitar da shi cikin sauƙi. Da damina biro ya rama. Ɗigon ruwa ɗaya kan wanke kalma a rubutun tawadar ruwa, amma na biro ko takardar ta jiƙe ana iya karantawa. Wasiƙar da za ta kwana a aljihun direba daga Zariya zuwa Damagaram tana bukatar a tuna da wannan.

Mai rubutun ajami yana da ƙarin abin dubawa. Da yake daga dama ake farawa, gefen hannunsa kan bi ta kan abin da ya rubuta yanzu, kamar yadda yake faruwa ga bahago a boko. Nan tawadar da ke saurin bushewa ta fi aminci. A ɗaya gefen, kyan ajami yana cikin kauri da sirantar layi, abin da alƙalamin kara da aka feƙe a karkace yake bayarwa. Biro layi ɗaya ya sani, mai kauri ɗaya daga farko har ƙarshe. Mai shan tawada mai faɗin baki ya fi kusa da na kara, ba tare da tsoma-tsoma ba. A boko kuwa dukkansu sun fi waya kirki ta fuska ɗaya: ba sai an nemi wata manhaja ba kafin a sa wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsu.

Mai karɓar wasiƙa fa? A ganina ya fi lura da tsabtar takarda da kyan layi fiye da abin da aka yi rubutun da shi. Tulin wasiƙun da masu sauraro suka yi shekaru suna aika wa shirin Amsoshin Takardunku na BBC Hausa, ba wanda ya tambayi alƙalaminsu kafin a karanta. Duk da haka, tawadar ruwa tana da wani haske da duhu a cikin harafi ɗaya, inda hannu ya yi sauri da inda ya tsaya, wanda ke sa a ji kamar mai rubutun yana kusa.

Da wani zai tambaye ni, sai in ce ya danganta da tsawon wasiƙunsa. Mai rubuta 'yar gaisuwa jefi-jefi ya riƙe bironsa, kuɗin da zai kashe a alƙalami ya sayi takarda mai kyau da ambulan mai kauri, zai fi ganin amfaninsu. Wanda kuwa ya ga wasiƙarsa ta fara wuce shafi biyu a kai a kai, hannunsa ya cancanci mai shan tawada, ko da mafi arahar ne, da kwalbar shuɗi ko baƙi guda ɗaya. Shi ma kada ya jefar da biron, domin adireshin bayan ambulan, wanda shi ne ke shan ruwa da gumi a hanya, da biro ya kamata a rubuta shi.