Ruwa nawa ya kamata ɗan wasa ya sha?

Da tsakar daren 27 ga Satumban 2019 aka saki mata 68 a tseren gudun fanfalaki na gasar duniya a birnin Doha na ƙasar Katar. An zaɓi dare ne don a kauce wa rana, amma duk da haka zafin ya haura digiri 30, ga kuma danshi a iska. Ruth Chepngetich ta Kenya ce ta lashe tseren, sai dai mata 28 ba su iya kai wa ƙarshe ba.

Jiki yana huce zafinsa ne idan gumi ya bushe a kan fata. A iska mai danshi gumin ba ya bushewa da sauri, sai ya yi ta zuba, jiki kuma bai huce ba. A zafi, ɗan wasa na iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu cikin awa guda.

Idan ruwan da ya fita ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyin mutum, wato kilo 1.4 ga mai kilo 70, jini yana raguwa, zuciya ta ƙara bugu, gajiya ta zo da wuri.

Yawan sha ma yana da haɗari

Wani bincike da mujallar New England Journal of Medicine ta wallafa a 2005 ya auna jinin mutum 488 da suka yi tseren Boston na 2002 a Amurka. Kashi 13 cikin 100 an same su da ƙarancin gishirin sodiyom a jini. Matsalar ta fi yawa ga waɗanda nauyinsu ya ƙaru lokacin gudun, alamar sun sha fiye da abin da suka zubar.

Wannan yanayi kan fara da ciwon kai da amai da ruɗewa. Idan ya yi tsanani ƙwaƙwalwa tana kumbura, har a rasa rai.

Ma'aunin nauyi ne alƙali

Tun da gumin kowa daban ne, hanya mafi sauƙi ita ce ɗan wasa ya auna nauyinsa kafin atisaye da bayansa. Kilo ɗaya da ya ragu daidai yake da kusan lita ɗaya ta ruwa. Ana mayar da shi da lita ɗaya da rabi, wato ruwan leda uku, a hankali cikin 'yan awanni, tare da abinci mai ɗan gishiri.

Awa huɗu kafin wasa, ruwan leda ɗaya ya wadatar da mai kilo 70. Fitsari mai haske alama ce mai kyau, mai duhu kuma yana nuna akwai saura.

Ga matasan da ke buga ƙwallo da ranar bazara, duk wanda ya fara jiri ko magana ba kan gado a fili, a fitar da shi zuwa inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwan sanyi, sannan a garzaya da shi asibiti.