Gani ya kori ji: yawon karatu cikin tsohon birnin Damagaram

Ranar Talata 3 ga watan Satumba na shekara ta 2024, bayan an yi ta ruwa kamar da bakin ƙwarya a jihar Damagaram, tsohon masallacin unguwar Birni ya rushe. Ginin ƙasa ne, tun tsakiyar ƙarni na 19 yake tsaye. Ya ga zamanin Sarki Tanimun, ya ga shigowar Faransawa, ya ga ranar samun ƴancin kai, sai ga shi damina guda ta kwantar da shi. Mutanen gari sun yi juyayi ƙwarai. Amma akwai wata asara ta biyu wadda ba a cika ambatonta ba: cikin ƴan lekol na Zinder, yara nawa ne malaminsu ya taɓa kai su gindin wannan gini, ya ce da su su duba, su auna, su rubuta? Waɗanda ba a kai ba, yanzu sai dai su ji labari.

A ƙasar Italiya irin wannan fita wani sashe ne na karatu. Kowace shekara, galibi tsakanin watan Maris da Mayu, makarantu sukan ɗebi ɗalibai tare da malamansu cikin manyan motoci ko jirgin ƙasa, su yi ƴan kwanaki suna zagaya tsofaffin birane. A Roma a nuna musu Kolise, babban filin wasa na dutse wanda aka buɗe a shekara ta 80 bayan haihuwar Annabi Isa. A Fulorans su tsaya gaban sassaƙar Mikelanjelo. A Benis su shiga jirgin ruwa, domin birnin cikin ruwa yake zaune. Sa'an nan su gangara kudu zuwa bakin teku wajen Napoli, su ga Pompeyi, garin da dutse mai aman wuta ya binne da toka a shekara ta 79. Yaron da ya taka titin Pompeyi, ya ga gurbin da ƙafafun amalanke suka ci cikin dutse, ba sai an tilasta masa haddar shekarar ba.

Ba wanda zai ce a kwashi yaran Damagaram a kai su Roma. Dabarar ita ce abin ɗauka, kuma garinsu yana da abin nunawa wanda ake kaiwa gare shi da ƙafa, ba tare da an sayi ko lita ɗaya ta mai ba.

Daga Birni ya kamata a fara, da sanyin safiya, tsakanin manyan duwatsun nan da suka hau kan juna. Sarakunan Damagaram, waɗanda asalinsu Barebari ne kuma suka daɗe suna kai wa Barno gaisuwa, sun kafa mazauninsu a nan tun farkon ƙarni na 19, zamanin Sulaiman ɗan Tintuma. Ɗansa Tanimun, wanda ya riƙe sarauta daga 1851 zuwa 1884, shi ne ya kewaye garin da ganuwa wajen shekara ta 1856. Tsayinta ya kai kusan mita 10, ƙofofinta bakwai. Shi ne kuma ya sa maƙera suka zuba igwa a cikin garin. Yau guntaye kaɗai suka rage na ganuwar, amma guntu ɗaya ya ishi malami darasin yini. Sai ya ba yara igiya su auna kaurin gindinta, su ƙiyasta yawan tubalin da ya shiga taku goma, sa'an nan ya tambaye su: a garin da ƙishirwa ta zame masa abokin zama, wa ya ɗebo ruwan da aka kwaɓa wannan ƙasa duka? Amsar ita ce talakawa da bayi, kuma bai kamata a ɓoye wa yara ita ba. Kolise ma ba sarakunan Roma suka ɗauki duwatsunsa a ka ba.

Daga nan sai fadar Sarkin Damagaram, da dogarai a bakin ƙofa cikin jajayen riguna, da lungunan da ke kewaye da ita. A nan ne ya dace a rage sauri, domin a nan zanen Damagaram yake. Bature yana rataye zanensa cikin ɗaki, a biya kuɗi kafin a gani. Maginin Hausa kuwa a fuskar zaure yake yin nasa, kowane mai wucewa ya kalla kyauta. Tun yaɓe yana ɗanye yake fitar da siffofin da hannunsa: dagi, da takobi, da jinjirin wata, da da'irori masu shiga cikin juna, daga baya a bi su da launi. A bisa kusurwoyin soro ga zankwaye suna nuna sama. In aka samu izinin mai gida aka shiga zauren, sai yara su ɗaga kai su ga ɗaurin guga, watau yadda ake jera azara ana lanƙwasa ta cikin ƙasa har ta ɗauki rufin ɗaki mai faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Wannan lissafi ne tsantsa, ko da yake wanda ya yi shi bai taɓa zama a aji ba. Ya kamata kuma a gaya musu abin da ke hana ruwa cin bango: makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, da katsi na marina. Da yawa cikin samarin yanzu ba su san ko sunayen ba.

Nijar ba ta da teku, amma Zinder ta yi zamani tana da tashar jirage irin tata. Larabawa suna kiran wannan yanki Sahil, ma'ana gaɓa, domin hamada a wurinsu teku ce, raƙumi kuma jirgi. Unguwar Zango, arewa da Birni, ita ce inda ayarin Tarabulus da Gadamas da Gat da Agadas yake sauke kaya. Daga nan ake ɗaukar gashin jimina da hauren giwa da jemammun fatu, har da bayi, a nufi arewa. Attajirai irin su Malam Yaro a nan suka yi suna. Ta wannan hanya ce kuma Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya shigo ƙasar Hausa. Ya sauka Zinder a ƙarshen Disamba na 1852, ya yi kusan wata guda kafin ya kama hanyar Tumbutu.

Abin da zai ba yara mamaki shi ne, Italiya ta riga ta zo Zango tun kafin a haifi kakanninsu. Cikin kayan ayari akwai duwatsun ado na gilashi daga Benis, akwai kuma takarda. Yawancin tsofaffin littattafai rubutun hannu na ƙasar Hausa da Barno na ƙarni na 19 a kan takardar Italiya aka rubuta su, musamman ta gidan Galvani da ke Pordenone, arewa da Benis. Tana da alama a ɓoye cikin jikinta, jinjirin wata uku a jere. Malamin zaure da ya gaji Alƙur'ani rubutun kakansa, in ya yarda ya ɗaga warƙa guda ga hasken rana, ba mamaki yara su ga alamar da idonsu. Ƙarshen wannan ciniki ma da hannun Italiya a ciki: a 1911 ta kama Tarabulus da yaƙi, a wannan shekarar kuma layin dogo ya iso Kano, sai kaya suka juya kudu.

Barikin da Faransawa suka gina a kan dutse, daga waje ake hangensa, amma ya isa a ba da labarin. Ranar 5 ga Mayu 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder. Ranar 30 ga Yuli 1899 aka yi yaƙin Tirmini, inda aka ci rundunar Sarki Amadu Kuran Daga, shi kuma aka kashe shi cikin watan Satumba. Lise ɗin Zinder sunansa take ɗauke da shi, kuma hakki ne a kan ɗalibanta su san inda Tirmini take. Daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce hedkwatar Nijar, kafin a mai da ita Yamai. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan. Malamin da ke son shirya darasinsa zai samu wannan tarihi cikin littafin da ɗan garin, André Salifou, ya wallafa a 1971 a kan Damagaram ta ƙarni na 19.

In makaranta ta samu mota, sai a ƙara yini ɗaya a nufi gabas: Mirya, kilomita 18, don lambuna da maginan tukwane, sa'an nan tafkin Gidimuni da dabinonsa. Yaron da ya tashi yana bin layin famfo da jarka, ranar da ya fara ganin ruwa shimfiɗe da tsuntsaye a kansa ba zai manta da ita ba.

Sai dai akwai bambanci babba tsakanin biranen Italiya da Birnin Damagaram. Dutse yana jiran mai gyara shekara ɗari. Ƙasa ba ta jira. Soron da aka bari damina biyu ko uku ba yaɓe, indararo ya toshe, ya kama hanyar faɗuwa. Italiya ma ta sha nata: ranar 4 ga Nuwamba 1966 kogin Arno ya cika Fulorans da laka, samari da ƴan mata suka taho daga ƙasashe da dama suna tsamo littattafai da zane-zane da hannunsu. Sun zo ne domin tun suna yara aka nuna musu darajar abin. Tun 2006 Nijar ta sa Birni da fadar Sarki cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta karɓa a matsayin gadon duniya. Tsohon garin Agadas ya samu shiga a 2013. Takardar neman aikin ma'aikata ce, amma yaɓen shekara-shekara aikin masu gida ne da magina, da yaran da za su gaje su.

Lokacin da ya fi dacewa da fitar shi ne daga sanyin hunturu zuwa farkon bazara, sa'ad da magina suke kan aiki, a same su suna kwaɓa ƙasa da ƙafa. Kowane yaro ya riƙe littafi da fensir, ya zaɓi fuskar zaure guda ya zana ta yadda take, ya rubuta ranar da sunan lungun. Sa'an nan ya gaida dattijon da ke zaune a bakin ƙofa, ya tambaye shi wane magini ya yi wannan aiki, ɗan wane ne, a zamanin wane sarki. Duniya ta san sunan Mikelanjelo domin an rubuta shi; sunayen maginan Birni kuwa a bakin waɗannan dattawa suke.